LAFIYAR MAZAUNI DA TA MATAFIYI: WA ZAI BIYA KUƊIN ASIBITI?

Jawabin da Kwamitin Jin Daɗin Jama'a ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara a Kafanchan. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Shugabanni sun ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan wani al'amari wanda babu gidan da bai taɓa ba a cikinmu, watau kuɗin asibiti. Duk wanda yake sallar Juma'a a garin nan ya san takardar neman taimako da ake karantawa bayan an sallame: wane yana kwance, ana neman kuɗin aiki, matar wane haihuwa ta zo da gardama, likita ya ce sai tiyata. Jama'a suna bayarwa, Allah Ya saka musu da alheri. Amma mu da muke bin sawun waɗannan takardu mun ga abu guda yana maimaita kansa. Kafin kuɗin su haɗu an yi kwana uku ko huɗu, kuma ciwo ba ya jiran a gama karo-karo. Wani an sayar da babur ɗin da yake ci da iyali, wani an jinginar da shago, wani kuwa kuɗin da aka tara don magani su aka yi hidimar zaman makoki da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fitowa, a ranar da ciwo ya kama. To, mu da yawancinmu 'yan kasuwa ne, da direbobi, da mahauta, da teloli, da masu sayen citta, ba mu da albashi balle ma'aikatar da za ta tsaya mana. Shi ya sa maganar nan tamu ce fiye da kowa.

YADDA MUKA ZO NAN

Garin nan jirgin ƙasa ya raya shi. Tun da layin dogo ya haɗu a Kafanchan a 1927, sa'an nan aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan a 1933, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato, Bauci da Barno, suka tarar da waɗanda suka riga su, aka zauna tare da Fantsuwam, Kaninkon, Kagoro, Bajju da sauran maƙwabta. A wancan zamani baƙo ba ya rasa mai jinya. Mai masauki yana nan, Sarkin Hausawa ko mai unguwa yana nan, idan ciwo ya yi tsanani a saka mutum a jirgi a kai shi gida wurin dangi. Ma'aikacin reluwe kuwa hukumarsa ce take ɗaukar nauyinsa.

Wannan duk ya wuce. Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, asibitocin gwamnati suka koma sai ka biya kati, ka biya gwaji, ka sayo magani a kemis, wani lokaci har safar hannu da auduga. Shi kuma “gida” da ake mayar da majiyyaci, yawancinmu yanzu nan ne gidan. Nan aka haife mu, nan iyayenmu suke kwance. Wanda ma yake da dangi a Kano ko Daura, su ma suna fama da nasu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka dole mu nemi wata dabara.

MENE NE INSHORAR LAFIYA?

A taƙaice, adashi ne na rashin lafiya. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a cikinsu sai a yi masa magani daga asusun. Bambancinsa da adashin da muka sani shi ne, a nan ba layi ake bi ba, kwasa ta mai ciwo ce. Wanda shekara ta zagayo bai je asibiti ba, bai yi asara ba: ya sami lafiya, kuɗinsa kuma sun yi wa wani ɗan'uwa magani.

Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo. Shekara da shekaru ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne kusan kaɗai suke cin moriyarsa. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa da duk mai zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. A nan Jihar Kaduna kuma, tun 2018 aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake kira KADCHMA.

A nan akwai abin da muke so kowa ya riƙe da kyau. Mun san yadda takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma take wahalar da 'ya'yanmu wajen neman makaranta da aiki, har wasunmu suka ɗauka duk wani shiri na gwamnati ba namu ba ne. To, shirin jiha an yi shi ne domin mazauna Jihar Kaduna. Zama ake dubawa, ba asali ba. Mutumin da kakansa ya zo daga Gumel, da wanda ya zo daga Inugu, da ɗan Kagoro, duk ƙofa ɗaya za su shiga. Abin da za ka tanada shi ne lambarka ta ɗan ƙasa, watau NIN, da kuɗin shekara. Kada wani ya zauna a gida ya yanke wa kansa hukunci cewa ba za a karɓe shi ba.

Ƙofofin shiga uku ne. Ta farko ta ma'aikata ce, waɗanda ake cira daga albashinsu. Ta biyu ta masu sana'ar kansu ce, irinmu, inda mutum zai biya na shekara, shi kaɗai ko da iyalinsa ko a ƙungiyance. Baya ga na jiha, hukumar tarayya ma ta buɗe irin wannan ƙofa a 2020 da sunan GIFSHIP. A lokacin Naira 15,000 ne kuɗin mutum ɗaya a shekara idan an shiga a ƙungiyance, watau Naira 1,250 a wata, ko kimanin Naira 41 a rana. Kuɗin ya ƙaru tun daga lokacin, kamar yadda komai ya ƙaru, amma ku auna shi da kuɗin kwana uku a gadon asibiti. Ƙofa ta uku ta marasa ƙarfi ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma daga ciki ake biya wa talakawa, da mata masu ciki, da ƙananan yara, da tsofaffi, da naƙasassu. Ta asibitin mazaɓa ake bi. Ƙaramar Hukumar Jama'a tana da mazaɓu 12. Idan masu unguwanninmu ba su kai sunayen gwaurayen mata da marayun da ke Kafanchan A da Kafanchan B da Takau ba, babu wanda zai zo ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

TO, YA HALATTA?

Mun san wannan tambaya tana cikin zukata, kuma ga malamanmu a zaune, su ne masu fatawa. Abin da za mu iya kawowa shi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985, ta bambanta iri biyu. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani yake sayar maka da alkawari don ya ci riba, ta ce akwai garari a cikinta, ba ta halatta ba. Amma wadda aka gina a kan taimakon juna, kowa ya zuba da niyyar kyauta don a agaza wa wanda abu ya sama, ta halatta ta. Ita ce ake kira takaful. Malamai sukan kafa hujja da labarin Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su. Shi ya sa a Kano, da aka yi tasu dokar a 2016, ba a kira shirin inshora ba, aka kira shi taimakekeniya. Muna roƙon limamanmu su duba dokar jiharmu, su yi wa jama'a bayani a kan mumbari, domin maganarsu ta fi tamu shiga kunne.

ABIN DA ZA KA TAMBAYA KAFIN KA BIYA

Ba mu zo nan don mu yi wa kowa talla ba. Shirin yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba shi ne zai dawo yana cewa an cuce shi.

Na ɗaya, iyali nawa katin ya ɗauka? A tsarin ma'aikata na tarayya, mutum ne da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko uku, da 'ya'ya goma, da tsohuwa a ɗaki, sai ya biya wa sauran daban. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Kada maigida ya rubuta uwargida ya bar amarya, ko ya rubuta 'ya'yan ɗaki ɗaya. Fitinar da za ta biyo baya ta fi ciwon.

Na biyu, wane asibiti ka zaɓa? Duk mai kati yana da asibitin farko inda sunansa yake, can zai fara zuwa, su ne za su tura shi gaba da takarda idan abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ya tsallake ya tafi babban asibiti kai tsaye, in ba gaggawa ba ce, daga aljihunsa zai biya. Ku zaɓi wanda za a iya kai majiyyaci da ƙafa ko a babur da tsakar dare. Mu da muka ga dokar hana fita a 2011 da ƙarshen 2016 mun san amfanin asibitin da ke kusa da gida.

Na uku, idan aka tura ka wajen jiha fa? Babban asibitinmu, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma muna fatan hakan ya rage mana tafiye-tafiye. Amma kowa ya san idan ciwo ya yi tsanani a Kafanchan, Jos ake nufa, don ta fi Kaduna da Shika kusa. Jos kuwa Jihar Filato ce, suna da tasu hukumar. Saboda haka mai katin jiha ya tambaya tun kafin buƙata ta taso: in an tura ni Jos, wa zai biya? Direbobinmu da 'yan citta masu kwana a Legas da Fatakwal da Kano, su duba ko na tarayya ya fi dacewa da su.

Na huɗu, akwai kwanakin jira tsakanin ranar biya da ranar da kati zai fara aiki. Ba a sayen inshora a ƙofar ɗakin tiyata. Mai ciki a yi mata tun kafin cikin ya tsufa.

Na biyar, ba kowane ciwo aka ɗauka gaba ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, awon ciki, haihuwa, hawan jini, ciwon sukari da ƙananan ayyuka suna ciki. Manyan cututtuka irin su kansa da wankin ƙoda na dogon lokaci, taimakon yana da iyaka. A tsarin tarayya kuma majiyyaci yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Fita waje neman magani, Masar ko Indiya, ba ya ciki sam.

Har ila yau, mai kati ko marar kati, kowa ya sani Dokar Lafiya ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa. A nemi wannan haƙƙi da ladabi, ba da hayaniya ba, domin ma'aikatan nan su ma 'yan'uwanmu ne masu aiki cikin ƙarancin kaya.

'YAN'UWANMU DA KE ƘASASHEN WAJE

Yanzu bari mu juya ga waɗanda suka yi nisa, domin babu unguwar da ba ta da ɗa a Saudiyya, ko Gana, ko Nijar, ko Turai. Abu na farko, katin Nijeriya ba ya tsallake iyaka. Kowace ƙasa da tata ƙa'idar.

A Saudiyya, tun dokar 1999, wajibi ne kamfani ya yi wa ma'aikacinsa baƙo inshora, kuma an ɗaure ta da iƙama. Wannan yana nufin wanda ya je Umra ya maƙale, ko yarinyar da dillali ya kai aikatau ta gudu daga gidan da aka kai ta, ba su da kati, ba su da asibiti, suna tsoron zuwa ma kada a kama su. Da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu ake jin labari. Iyaye, kafin ku sa albarka a tafiya, ku ga takardar aiki da idonku, ku tambaya wa zai biya in ta kwanta. Masu zuwa Umra kuma su sani akwai inshora a cikin kuɗin biza, amma ta gaggawa ce da haɗari, ba a yi ta don tsohon ciwon da ka taho da shi daga gida ba. Mai hawan jini da mai sukari su tafi da maganinsu da takardar likita. Allurar sanƙarau kuwa a yi ta da gaske, kada a sayi katin kawai. Dattawa suna tune da 1996, shekarar da annobar sanƙarau ta sa Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga.

A Gana, inda muke da dangi a zangon Kumasi da Nima ta Ankara, sun kafa nasu shirin tun 2003, kuma mazaunin ƙasar yana iya yin rajista. A Nijar, tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na tiyatar haihuwa, amma babban mutum da ya je fatauci Maraɗi ko Damagaram da kuɗinsa zai yi jinya.

A Ingila, mai zuwa karatu ko aiki yana biyan kuɗin lafiya tare da kuɗin biza. Da aka fara a 2015 Fam 200 ne a shekara, daga Fabrairun 2024 ya koma Fam 1,035, ɗalibi kuma Fam 776. Wanda ya je ziyara ba ya cikin wannan. Idan aka kwantar da shi za a caje shi fiye da ainihin kuɗin aikin da rabi, kuma bashin asibiti da ya kai Fam 500 yana iya hana shi biza nan gaba. Ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus ba sa ba da bizar ziyara sai ka nuna inshorar da ta kai Yuro 30,000. A Amurka kuwa kwana ɗaya a asibiti yana iya cinye abin da mutum ya tara a shekara. Saboda haka duk ɗan da zai ɗauki mahaifiyarsa ta je ta yi wa matarsa zaman jego, ya saya mata inshorar tafiya kafin ya sayi tikiti.

Sa'an nan muna da saƙo ga 'ya'yanmu na waje, kuma muna so a aika musu da wannan mujalla. Mun san kuna ƙoƙari. Da an buga waya an ce Baba yana asibiti, kuɗi suke shigowa. To, maimakon ku jira wayar tsakar dare, ku biya wa iyayenku da ƙannenku kuɗin shekara tun suna tsaye da ƙafafunsu. Abin da kuke turowa a jinya ɗaya zai ɗauki gida guda shekara cur.

ABIN DA KWAMITI YAKE BA DA SHAWARA

Ɗaya, a buɗe littafi a kowace unguwa, a rubuta kowane gida da yawan mutanensa, da wanda yake da kati da wanda ba shi da shi, da wanda ba shi da NIN a taimaka masa ya yi.

Biyu, ƙungiyoyin sana'a, mahauta, direbobi, 'yan acaɓa, teloli, 'yan hatsi da 'yan citta, kowace ta shiga a ƙungiyance. A riƙa tara kuɗin mako-mako a hannun ma'aji biyu, da rasit, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata uku. 'Yan citta su biya nasu lokacin kaka, kuɗi na hannu. Cutar da ta cinye gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko da nan Jama'a a 2023 ta nuna mana cewa shekara ba ta da tabbas.

Uku, mu roƙi masu fitar da zakka da masu neman sadaka mai gudana su ɗauki nauyin katin marayu da gwaurayen mata da almajiran da ke hannun malamanmu, gwargwadon yadda malamai suka ga ya dace da shari'a.

Huɗu, matasa su yi jerin masu ba da jini, kowa da rukunin jininsa, sa'an nan direbobi su sa mota ɗaya a kowace unguwa wadda za a iya tasa da dare saboda masu naƙuda. A yi gwajin sikila kafin a sa ranar aure, ba bayan an kai lefe ba.

Biyar, rigakafi. A watan Yulin 2023 cutar mashaƙo ta ɓulla a garin nan ta ɗauke mana yara, alhali allurarta kyauta ce, ana yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Babu katin inshorar da zai dawo da yaron da aka hana wa allura. Iyaye maza, ku ba da izini, ku kuma ba da kuɗin babur.

Shida, mu nemi shugabannin maƙwabtanmu, na coci da na ƙungiyoyin ci gaba, mu je wurin hukuma tare a kan maganar ƙarin likitoci da magani a asibitocin mazaɓu. Layi ɗaya muke bi a asibiti, sauro ɗaya yake cizonmu. Asusun nan kuma sai da yawan masu zubi yake ƙarfi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, ciwo da waraka duk na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma an umurce mu da neman magani, an kuma umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Sakataren kwamiti yana bakin ƙofa da littafi, masu unguwanni da shugabannin sana'a su tsaya su ba da sunan wakilinsu kafin a watse. Ranar da za mu gayyato jami'an hukumar lafiya su amsa tambayoyinku da bakinsu, za a sanar a masallatai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya. Allah Ya zaunar da Kafanchan da Jihar Kaduna da Nijeriya lafiya.